Ruwan Zoɓo a Wuyan Talato

Dutsen farko a kafaɗa ya same shi, yana tsugune a bakin kasuwa yana facin tayar keke. Kafin in sauke tiren gyaɗata, samari sun yi masa zobe.

"Shi ne! Ga fuskarsa nan a waya!"

"Mai yanka yara! Kar ku bar shege ya tashi!"

Noraogo fa, maƙwabcina, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira mijina.

'Yan wasan kwaikwayon unguwarmu a nan Wagadugu ne suka ɗauko wani tsohon wasan Turawa, na sarkin da ya sa aka kashe 'ya'yan abokin gabarsa, suka yi masa sabon ɗinki. Ana haska bidiyo a bangon gidana, mai balafon, abin kiɗan nan na katako, da mai ganga suna kallo, abin da ya zo musu hannu shi suke bugawa. Wendyam, yarinyar da ke shirya wasan, ta ce fuskar Noraogo ta dace da makashi. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Aka ɗauke shi a bidiyo da wuƙar katako, yana saɓe da jikata Talato, an kwarara mata zoɓo a wuya. Wani ɗan iska ya yanko wannan wurin kaɗai, ba kiɗa ba komai, ya watsa a waya. Ga shi kuwa ana cikin cigiyar wata yarinya da ta ɓata a unguwar gaba.

Na kutsa cikinsu. "Ku dakata, 'ya'yana! Wasa ne! Jikata ce, tana gida lafiya lau!"

Wani mai jar hula ya hankaɗe ni. "Matsa, tsohuwa. Ko ke ke kawo masa su?"

Noraogo ya ɗago, jini ya rufe masa ido ɗaya, suna ta zuba masa famfonsa na hura taya a haƙarƙari. "Iya," ya ce, "ɗauko ta. Su gan ta."

Na yi gudun da rabona da shi tun ina budurwa. Na fizge Talato daga gaban kwanon tuwo, na goya ta, hannunta duk miya.

Da muka dawo, samarin sun watse. Sun ƙarasa shi da bulo. Masu kayan miya suna tsintar tumatir ɗin da aka tattake, kowa kansa a ƙasa.

Na ɗaga yarinyar sama. "Ga ta nan! Ku kalle ta, matsiyata!"

Ba wanda ya ɗago. Na tsane su, har masu gaishe ni kullum.

Talato ta zame daga hannuna, ta tsuguna wajen ƙafafunsa. Lokacin ɗaukar bidiyo, in an gama, kwanciyarta take yi ta ƙi tashi sai ya yi mata cakulkuli a tafin ƙafa. Ta cire masa silifa, ta sa ɗan yatsa tana yi masa a hankali.