Miyar Makokin Verlie

"Juya mana, Odile, hannun ne ya mutu?"

Odile ta ci gaba da juya fulawar kaurin miya a cikin mai, zufa na zubo mata. Verlie kuwa tana kan kujera bakin ƙofar kicin, ɗankwali a kanta da babu gashi, tana ba da oda kamar ba ita ce mara lafiyar ba. Duk unguwarsu a garin Opelousas babu mai miyar kuɓewa da ƙaguwa irin tata, Odile kuma, maƙwabciyarta, ko ruwan zafi sai ta ƙona.

Kansar nono ce, irin wadda ƙwayoyin da aka saba bayarwa ba sa kama ta. Sai likitoci suka haɗa mata magani biyu ta jijiya, ɗaya ya kashe cutar, ɗaya ya tashi garkuwar jiki. Ya ɗan yi aiki, daga baya ya daina. Amma ya tafi da ƙarfin hannunta, komai kuma ta sa a baki sai ɗanɗanon ƙarfe.

"Ranar da za a binne ni, ba matan coci ne za su ciyar da mutanena ba," in ji ta. "Miyarsu salam. Tawa za a ci, ke za ki dafa."

"Haba Sista, ki bar maganar nan."

"Na bar ta ta je ina? Sauke, ya isa."

Kullum haka. Fulawar sai ta yi duhu, ta kai bakin ƙonewa, kuma Verlie ce kaɗai ke gane lokacin. Odile ta roƙe ta ta faɗa mata minti nawa. Verlie ta yi dariya har da tari.

"Ido ne, 'yar nan, ba agogo ba."

Kafin idon ya samu, Verlie ta rasu, wata Talata da hantsi.

Safiyar jana'iza Odile ta tsaya gaban babbar tukunyar ita kaɗai. Tsoro take ji sosai, kewa kuma ta fi tsoron. Ta juya, ta juya, tana jiran a ce ya isa. Babu wanda ya ce. Ta sauke.

A zauren coci, tsoho Alcide, yayan Verlie, ya kai cokali baki. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya gama, ya goge ido da bayan hannu, ya miƙo wa Odile kwanon ta ƙara masa.