Ni Na Buɗe Ƙofar Yaya

A gidanmu Likita ake ce mini, alhali ko allura ban cika yi ba. Aikina a ɗakin gwaji ne na wani ƙaramin asibiti: in ɗebi jini, in ɗiga, in jira, in rubuta. Amma je ka gaya wa Mama haka. Tun ranar da ta gan ni da farar riga magana ta ƙare, ko ƙaya ce ta soki maƙwabciya sai ta ce a jira Likita ta dawo. Ni kuma, ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi.

A daminar da korona ta yi tsanani ne Yaya ya dawo daga aiki jikinsa zafi rau. Direban bas ne, wuni yake cikin numfashin mutane. Bai ko zauna ba ya wuce ɗakinsa ya murza makulli, ya ce ta bayan ƙofa kada kowa ya shigo, musamman Mama. Shekarunta saba'in da ɗoriya, ga ciwon suga, ga hawan jini. Duk mun san abin da cutar take yi wa irinta, ni na fi kowa sani, don ina ganin waɗanda ake fitarwa ta ƙofar baya a wurin aiki.

Kwana uku muna ajiye masa abinci a kan kujera a bakin ƙofa. Mama ta shimfiɗa tabarmarta a wajen, ta kasa kunne. In ya yi nishi ta amsa da salati. In ya yi shiru ta ƙwanƙwasa.

"Ɗana yana ciki yana ƙonewa, ni ina nan kamar mai gadi," in ji ta. "Likita, wannan wane irin magani ne?"

Na roƙe shi ya bari a yi masa gwajin hanci. Ya ƙi. Ya ce daga an rubuta sunansa mota za ta zo ta kwashe shi zuwa inda ake killace mutane, kuma abokin aikinsa da aka kai can gawarsa ma ba a ba iyalinsa ba. Taurin kan Yaya gado ne, ban ɓata bakina ba. Sai dai na tambaye shi inda ke masa ciwo. Ya ce bayan idanu, da gaɓoɓi, kamar an bi shi da taɓarya. A ranar kuwa mun ga masu zazzaɓin dengi har huɗu a asibiti, wanda sauro ke kawowa, kuma haka duk suka faɗa.

Washegari na zo da katin gwajin dengi a jakata. Ɗan farin abu ne, bai kai tsawon yatsa biyu ba. Na sa takunkumi biyu da safar hannu, ya ziro hannunsa ta ƙofa, na soki yatsan, na ɗiga jinin. Minti goma sha biyar na tsaya ina kallonsa a kan kujerar abincin. Layi na farko ya fito. Na biyu ya biyo shi, ja sosai, babu ko tantama.

Dengi ba abin wasa ba ne, amma wallahi dariya na yi. Ba a ɗaukarsa ta numfashi, ba a ɗaukarsa ta hannu, sai sauro ya ciji mai shi ya je ya ciji wani. Na cire takunkumina, na tura ƙofar da ƙafa.

"Mama, shiga ki ga ɗanki. Ba korona ba ce."

"Kin tabbata?" Yaya ne ya tambaya daga kan gado, yana ja da baya.

"Kai ka san hanya, ni na san jini," na ce masa. Kaina ya kumbura ranar, har yanzu in na tuna muryata sai in ji kunya.

Daga nan muka shiga yaƙi da sauro, kuma ni ce kwamanda. Na ce a rufe tagogi ruf, tun da sauron dengi da rana yake cizo. Mama ta cusa tsummoki a duk wata kafa, har ƙarƙashin ƙofa. Na ɗaura gidan sauro a kan gadon Yaya. Ita kuma don kada a cije ta, sai ta shige ciki tare da shi ta zauna a gefen katifa, tana goge masa goshi, tana ba shi ruwa a baki, in ya rage ta shanye don kada a zubar. Na leƙa na gan su su biyu a cikin farar ragar nan, ɗakin ɗumi kamar tanda, na ce madalla, haka ake so. Kwana biyar suka yi a haka.

Ranar Litinin da hantsi Oga ya tara mu. Shi ne babba a ɗakin gwajin, mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa in ya cire tabarau kowa yake nutsuwa. Ya cire. Ya ce mutum biyu daga cikin waɗanda muka rubuta wa dengi a makon jiya an kwantar da su a babban asibiti, numfashi ya gagare su, an yi musu gwajin hanci, korona ce. An sake bincika jininsu da babbar na'ura, babu dengi ko kaɗan.

"To katin ya lalace ne, Oga?" wata abokiyar aikina ta tambaya.

"Lafiyarsa lau. Katin nan ba ƙwayar cutar yake gani ba. Sojojin da jini ya tara don yaƙi yake gani. Wani lokaci sojojin da jiki ya tayar wa korona sukan yi kama da na dengi, sai katin ya ɗauka su ne. Ba kullum ba, amma yana faruwa. Daga yau duk mai zazzaɓi da ya nuna layi biyu, a yi masa na hanci kafin a ce masa komai."

Ban ji sauran ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don duk tsoron da na sani a baya wani ne ya jawo mini shi, wannan kuwa da hannuna na ɗauko. Na ce, "Oga, ni ma na yi wa wani a gida." Ya dube ni, ya ga fuskata, bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Ya buɗe firiji ya miƙo mini tsinken gwajin hanci guda biyu, ya ce in tafi yanzu.

A hanya na dinga lallashin kaina. Ai ya ce ba kullum ba. Ai Yaya ba ya tari sosai. Sai na tuna jiya na ji shi yana yi, na ce hayaƙin titi ne na shekara da shekaru. Ai ya fara samun sauƙi. To shi ɗin ƙato ne, wa yake maganar shi? Kowace ƙarya na yi wa kaina kafin in kai kwana ta gaba ta rushe. Mai babur yana ta ba ni labarin ramukan titi, ni kuwa ina ƙirga kwanaki a yatsu: Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi, yau.

Tun daga bakin matakala na ji ƙauri. Na haura da gudu, takunkumi a fuskata, ƙaurin yana ratsa shi. Ƙofar Yaya a rufe, yana barci. Na wuce kicin.

Mama tana zaune a kan 'yar kujerarta, taku biyu daga murhu, ta ba shi baya tana yanka albasa. Tukunyar shinkafa ta ƙone ƙurmus, hayaƙi siriri yana fita ta gefen murfi. Na kashe wutar, na fizge tsumman da ke jikin taga na wangale ta.

"Ke, lafiyarki? Sauro fa!" Sai ta ga tukunyar, ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Yaushe ta kama? Ko kaɗan ban ji ba."

"Mama, ba ki ji ƙauri ba?"

"Ina fa. Albasar ma ta yanzu ba ta da ƙamshi, tun jiya nake cewa an cuce mu." Ta kai yankin hancinta ta shaƙa, ta girgiza kai, ta ci gaba da yanka.

Ko kana jin ƙamshi, ita ce tambaya ta farko a takardar da muke cika wa masu korona, na yi wa mutane ita ya fi sau ɗari. Na durƙusa a gabanta na taɓa wuyanta. Da ɗumi, ba sosai ba. Na ɓare ledar tsinken.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Gwaji ne, Mama. Ɗaga kanki kaɗan."

Ta ajiye wuƙar, ta goge hannu a zani, ta ɗaga mini fuska ta rufe ido, ko tambaya ta biyu ba ta yi ba.

"To yi abinki," ta ce. "Ai ke kika sani."