Bagaruwar Damagaram

"Buɗe bakin in gani, Inna."

"Ba na buɗewa. Ke lokotoro ce?"

Rakiyatu ta dire kwanon kunu da ƙarfi har ya fantsalo. Katanga ɗaya ta raba ta da Inna Iyatu, mai toya wa 'yan aikin gini ƙosai, kuma tun zuwansu Tamanrasset tsohuwar ke fama da gyambon baki: ya fito, ta kurkure da bagaruwa, ya tafi, ya komo. Na bana ne ya ƙi tafiya. Ya ci gefen harshe, ko kunu sai da hawaye. An yi zuma, an yi ɓawon rumman, an yi kanumfari. Gidan likita kuwa, Inna ta ce ba da ita ba.

"Bagaruwar garin nan ce ba ta da ƙarfi. Iccen da ya tsiro bisa dutse, me ya sani? Na aiki Tasi'u direba ya kawo mini ta Damagaram. In ita ma ta kasa, ki kai ni inda kike so."

Tasi'u shiru, Inna sai ramewa take. Da Rakiyatu ta gaji, ta shiga kasuwa ta sayi bagaruwar Abalessa ta nan kusa, ta ƙulle a tsohon ƙyalle, ta ce saƙo ya iso. Nufinta maganin ya kasa, a tafi likita.

Inna ta shinshina, ta lumshe ido. "Kin ji ƙamshin gida, ɗiyata?"

Washegari ta ce ta samu sauƙi.

"Wane sauƙi, Inna? Ruwa ma ba ki iya haɗiyewa!"

"Aiki yake. Ke dai gaggawa gare ki."

Rakiyatu ta fita tsakar gida ta yi ta zagaye, kamar ta fasa ihu. In ta faɗi gaskiya, Inna za ta koma jiran Tasi'u. In ta yi shiru, ga abin da ake ciki. Ranar da ta kira taksi da ƙarfin tsiya ta kai ta gidan likita, lokotoro ya leƙa bakin, sannan ya tambayi inda suke tun bara.

Inna ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, ƙullin yana ƙarƙashin matashinta.

Bayan sadakar bakwai Tasi'u ya yi sallama da ƙaramin buhu. "Wallahi 'yan dowan suka tsare mu a kan iyaka. Ina tsohuwar?"

Da ya tafi, Rakiyatu ta zauna kusa da murhun ƙosai da ya yi sanyi. Ta kwance buhun, ta kwance ƙyallen. Ta shinshina wannan, ta shinshina wancan.