Rabon Gadon Mas'udu

Wanda ya leƙa falon Dokta Uwais a unguwar Aziziya ta birnin Doha ranar Juma'a da rana, ya ga magidanta takwas sun haɗa kai a kan waya suna ta da jijiyar wuya, zai rantse maganar ƙasa ake yi. Ina! Likita ɗaya ne da injiniyoyi da ma'aikatan ofis, wasunsu har da furfura, suke musu a kan yaran Amurka masu gudu da ƙwallo a hammata.

Wani Ba'amurke da suka yi aiki tare ne ya ɗora su a kan wasan, ya tafi ya bar su da jarabar. Kowa yana da ƙungiyarsa a cikin waya, ya zaɓi 'yan wasa na gaske, abin da ɗan wasa ya yi a fili ranar Lahadi shi ne makin mai shi. Nasu kuma ba irin wanda ake watsewa duk shekara ba ne. Wanda ka ɗauka naka ne, ka riƙe shi har ya tsufa ko ka yi musaya da shi. Doka ɗaya ce ba a taɓa ta: duk wanda ya bar Qatar ya bar wasa, sauran su raba 'yan wasansa. Suna kiran wannan rabon gado, kuma da dariya ake yin sa, tunda kullum na wani ake rabawa.

Injiniya Mas'udu Dikko, mutumin Funtuwa, shekara uku yana zuwa na ƙarshe, kuma da gangan. Ya sallami duk tsofaffin gwanayensa ya tara yara, musamman risiba, wato masu zurawa da gudu su cafe ƙwallon da aka jefo musu. Abokai suka sa masa Mai Gidan Raino. Shi kuwa ko a jikinsa. Mutum ne da ko takalmi zai saya sai ya tambayi shekara nawa zai yi. A cikin 'yan wasan yana da yara biyu da yake ji da su kamar shi ya haife su, kuma da yake sunayensu na karya harshe, majalisa ta raɗa musu Barewa da Dogo. Barewa shekararsa ashirin da biyu, in ya zura babu mai kama shi, sai dai yakan saki ƙwallo. Dogo ya girme shi da shekara ɗaya, ba shi da wannan gudun, amma abin da ya taɓa hannunsa ya zauna.

"Ku yi dariyarku," in ji shi kullum. "Baɗi za ku sani."

Cikin watan Oktoba abubuwa biyu suka same shi a mako guda. Na farko, Badaruddeen ya tsare shi a lif, na'urar hawa bene. Badaru abokinsa ne tun jami'a a Zariya, kamfani ɗaya suke a wani dogon bene a West Bay, Mas'udu a hawa na sha tara, shi kuma a ofishin kula da ma'aikata a hawa na bakwai. Badaru ya ce zai ba shi babban gwaninsa, wanda yake ɗiban maki kamar ruwa, shi kuma ya ba shi Barewa.

"Ka ci kofi bana, Injiniya. Ka bar zancen baɗin nan."

Mas'udu ya yi dariya har da riƙe ciki. Tsoho mai shekara talatin da ɗaya za a ba shi a karɓe masa yaro? Ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Na biyu, wani tsohon ubangidansa ya kira shi daga Kaduna. An buɗe gurbin shugaban sashe a kamfaninsu, shi yake so, amma ya ba da amsa kafin wata ya ƙare. Albashin bai kai na Doha ba, sai dai aiki ne na zama, kuma tafiyar 'yan awoyi ce zuwa wurin mahaifiyarsa. Matarsa Haulat ta ce su karɓa. Shi ya ce a dakata, kwantiraginsa ana sabunta shi duk Janairu ba fashi, shekara tara ke nan, 'ya'yansu su gama makaranta a nan tukuna.

Ranar Juma'ar makon ya kawo maganar majalisa, a kan tiren shinkafa da rago. Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, don su ne 'yan'uwan da yake da su a garin. Dokta ya ce ya yi istihara. Sherif, wani injiniyan lantarki mai yawan barkwanci, ya ce ko ina alheri ne. Badaru yana fama da wani ƙashi, ya ce abu ne da mutum zai duba da kansa. Mas'udu ya ɗauki wannan a matsayin ba su ga dalilin tafiya ba. Washegari ya kira Kaduna ya yi godiya ya ce a ba wani.

Takardar kamfani ta zo masa ranar huɗu ga Disamba. Layi biyar ce. An rage ma'aikata, ba za a sabunta ba, kamfani na godiya. Ya sake kiran Kaduna a ranar, tsohon ubangidan ya ce wallahi wanda aka ɗauka ya kama aiki tun farkon Nuwamba. Ya aika takardu wurare goma sha ɗaya a Doha, biyu suka amsa, su ma don su ce babu. Tunda izinin zamansa a hannun kamfanin yake, sai haɗa kaya.

Abin haushin, a watan ne yaransa na wasan waya suka nuna. Barewa da Dogo suka dinga zuba maki, Mai Gidan Raino ya tashi daga ƙarshe ya zo na uku. Kowa ya ga cewa baɗi kofin nasa ne, ba baɗi kaɗai ba ma.

Juma'ar ƙarshe bai so zuwa ba. Haulat ce ta ce ba a barin gari haka, ita ma za ta yi sallama da matan. Ta shige ciki, shi ya zauna inda ya saba, kusa da taga. Aka ci abinci, aka yi masa addu'a mai tsawo, Dokta ya miƙa masa kwalin turare da agogo daga majalisa. Har ƙwalla ta taru masa. Sai Sherif ya goge hannu ya ɗauko waya.

"To yalla, jama'a. A yi rabo tun mamacin yana nan ya shaida."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, don bai ga abin da ya rage masa ba. Aka rubuta sunaye aka zuba a hular Dokta, ƙuri'ar zaɓen farko ta faɗa kan Badaru. Nan fa musu ya tashi, wa zai ɗauka, Barewa ko Dogo. Sherif ya ce gudu ba a koyar da shi, amma riƙe ƙwallo ana koya, nan da shekara biyu Barewa ya wuce sa'a. Dokta ya ce shi likita ne, ya san abin da shekaru suke yi wa ƙafa, mai dogaro da gudu yana kai ashirin da takwas ya zama kowa, mai hannu kuwa zai yi shekara goma ana mora. Wani ya ce a duba wanda ke jefa musu ƙwallon, na Dogo ya kusa ritaya. Wani ya ce kocin Barewa ba zai kai baɗi ba. Suna ta lissafin shekara biyar, shekara bakwai, baki har kumfa. Mas'udu yana zaune da kwalin turare a cinya, ga jirginsa ranar Talata, yana jin yadda ake tsara shekarun da ba ya ciki. Ya ji zafin abin fiye da yadda ya zata, ya kuma ji kunyar jin zafin, babba da shi a kan wasan waya.

"Ai Badaru ba sai ya yi tunani ba," in ji Sherif. "Tun Oktoba yake zawarcin Barewa."

Dokta Uwais mutum ne mai son gyara, kuma irinsu ne suke ɓaro magana. Ya ga fuskar Mas'udu ta canza, ya zaci ya ɗauka kwaɗayi ne ya sa Badaru neman musayar, sai ya yi maza ya kare shi.

"A'a, kar a zalunci Badaru. Injiniya, wallahi don kai ya yi. Nan ya zo ya same mu ya ce tunda abin ya zama haka, a bari ya ba ka gwaninsa, ko kofi ɗaya ka ɗaga kafin ka tafi. Duk muka ce ya kyauta. Kai ne ka ƙi."

Dokta da kansa ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya tsaya da baki buɗe.

"Kafin in tafi," in ji Mas'udu a hankali. "A Oktoba, Dokta?"

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya bi su da tambaya ranar nan. Sherif ya sunkuyar da kai kan waya. Su bakwai ne, kuma babu fuska ɗaya da ta nuna yau ta fara ji.

"Badaru, ranar da na zauna a nan na ce muku Kaduna na kirana, ka riga ka ga sunana?"

"Mas'udu, ka san aikina. Na sa hannu a kan sirri. In ta fito ta bakina, ni ma jirgi zan hau, ina da yara huɗu."

"Amma ka gaya wa mutum shida."

"Shawara na nema. Kuma a lokacin ba a gama yanke ba, ana iya cire suna..."

"Ba sai ka ce ka ga takarda ba. Ka ce min, Mas'udu, karɓi aikin nan. Kalma uku. Ko a lif ɗin nan, mu biyu ne a ciki."

"Ai na yi ƙoƙari in nuna maka. Na ce ka bar zancen baɗi."

Mas'udu ya dube shi, ya ga da gaske yake. Mutumin nan ya yarda har zuciyarsa cewa ya yi gargaɗi. Sun zauna su bakwai, masu digiri, sun auna abin da za su yi wa ɗan'uwansu da aiki zai kuɓuce masa, iyakar abin da hankalinsu ya ba su shi ne kofin cikin waya. Da mugunta suka yi da ya san inda zai ajiye ta. Wannan kuwa har yanzu jira suke ya gode.

Dokta ya fara cewa komai rubutacce ne. Mas'udu ya ce ya sani, shi ma ya yi makarantar allo. Ya miƙe, ya ajiye kwalin turaren a kan kujera, ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya juyo.

"Badaru, ɗauki Dogo. Barewa gwiwarsa ta hagu ba lafiya, tun yana kwaleji aka yi masa aiki sau biyu, na bi rahotannin duka. Ba zai yi shekara uku ba. Na faɗa maka ne don na sani."

Ya aika aka kira Haulat. Ta fito tana gyara mayafi, tana mamakin saurin, ga leda cike da kayan sallama. A mota ba ta lura da shirunsa ba, tana ta ba shi labarin yadda matan suka yi kuka. Sun wuce fitilar hanya biyu, ta uku ta tsayar da su, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana neman ta inda zai fara gaya mata cewa ita ce ta yi daidai, kuma akwai waɗanda suka san haka tun a lokacin.

"Af, na manta," in ji ta. "Shakira matar Badaru ta sake yi min maganar firizar nan. Baiwar Allah, ta daɗe tana cewa in dai za mu rabu da ita kar in ba kowa."

"Tun yaushe take cewa?"

Haulat ta ɗan yi tunani. "Tun kafin sunan jaririn Dokta. Oktoba ke nan ko? Har na ce mata ina za mu da za mu sayar da firiza." Ta juyo ta dube shi. "Abban Aminat, lafiya? Me ya faru a wajen maza?"

Fitila ta ba da hannu, na baya ya danna masa oda, bai motsa ba.

"Me kika ce mata yau?"

"Na ce kyauta na bar mata. Ai sun yi mana halacci a garin nan."