Ranar da Direba Ya Fito a Gawa

Tun da Auta ta zo da labarin Inna take ja da baya. Wai mijin Auta, mai gyaran talabijin, ya tsinci wani tsohon kaset cikin tarkacen shagonsa, kuma wasan kwaikwayon masu bincike ne da marigayi baban su Auta ya taɓa fitowa a ciki. Direban gidan talabijin ne shi a lokacin. Wata rana wanda zai fito a gawa bai zo ba, sai aka kwantar da shi a ƙasan ofis aka ce kada ya motsa. Hotonsa mai motsi ke nan kaf a duniya. Inna tana marmarin ganinsa, amma ta riga ta gan shi kwance sau ɗaya, kuma tana tsoron ba za ta iya na biyu ba.

Ranar Asabar da la'asar dai aka sha kanta. Aka sauke labulen falo, surukin ya tsuguna can gefen na'ura, Inna ta zauna bakin kujera da gefen mayafi a hannu.

Shi kuwa surukin nan, Allah bai yi shi da kallo baki a rufe ba.

"Dubi nan, Auta. Mutanen zamanin da sun iya aiki. Ba kiɗa, ba komai, sai ƙarar takalmin matar a kan bene. Na yanzu da tuni sun cika mana kunne."

Gaskiyarsa kuwa. Kyamara ta tsaya cak a kan mariƙin ƙofa yana juyawa a hankali, har Auta ta ƙanƙame matashi ba ta sani ba. Sai dai ba a jima ba surukin ya fara tsaki. A cikin wasan ana jin ruwan sama yana zuba, taga kuma rana tar. Mai bincike ya ɗauki tarho yana ta zuba bayani, wayar tana lilo ba a haɗa ta da komai ba. Mugun ma tun fitowarsa ta farko yake yawo cikin ɗaki da baƙin tabarau, ko makaho ya gane shi.

Aka buɗe ƙofar ofis. Ga shi nan kwance rigingine, saurayi sharaf, gashin baki baƙi wuluk. Inna ta kai mayafi fuska.

"Kash!" in ji surukin, ya manta gaban wa yake. "Nan ne suka ɓata wasan gaba ɗaya. Gawa tana numfashi!"

Auta ta watsa masa harara, ya sunkuyar da kai. Inna ta sauke mayafin ta duba. Cikin direba yana hawa yana sauka, a natse, kamar na wanda ya ƙoshi ya kishingiɗa. Mai bincike yana ta rantsuwa mutumin ya daɗe da mutuwa, babban yatsan ƙafar mamacin kuwa yana sosa ɗan uwansa.

Dariya ta kuɓuce mata, da hawaye a ciki, amma daɗin ya fi yawa.

"Babanku ke nan. Ko a wasa ba ya iya zama shiru."

Surukin ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, ku yi haƙuri. Bari in wuce wajen."

Ba ta dube shi ba, 'yarta ta duba.

"Auta, ce masa ya mayar baya. Wajen da suka ɓata ɗin nake so."