Rabon da Mujtaba Ya Yi wa Kwamfuta

Kwamfuta ɗaya Kawu Rashid ya aiko daga Jidda, ita ma ta hannu, alhali 'yan jami'a biyu ne a gidan, da ke unguwar Umbadda ta Omdurman. Mujtaba, mai karatun kwamfuta a Khartum, ya ce shi sai Linux, Windows ta 'yan koyo ce. Ƙanwarsa Tasnim, mai karatun haɗa magunguna, Windows kaɗai ta sani. Da rigima ta ishi mahaifiyarsu Hajaratu, sai ta ce kasuwar Suk Libiya za ta kai abin ta sayar, kowa ya huta.

"Inna, ba sai an kai can ba," in ji Mujtaba. "Cikinta zan raba gida biyu, kowa da ɗakinsa. In an kunna za ta tambayi mutum inda zai shiga."

"Daidai wa daida?"

"Daidai wa daida, Inna."

Ya kwashe takardun Tasnim a filash, 'yar na'urar ajiya, ya yi rabo. Kashi uku cikin huɗu ya yankar wa Linux, ya bar mata ɗan lungu. Ya kuma saita ta yadda in ba a danna maɓalli nan take ba, sai ta zarce ɓangarensa.

"Yaya, kafin in gyara zama ta wuce wajenka," Tasnim ta yi ƙorafi.

"Hannunki ne ba sauri."

A lokacin wuta ba ta zama a unguwar, batirin kuma ya tsufa. Tasnim ta ga ba za ta ƙona caji wajen kashewa da kunnawa ba, duk inda kwamfutar ta kai ta sai ta zauna. Ta lalubo inda ake rubutu, ta lalubo intanet. Abin da ya shige mata duhu ta tambayi ƙawarta Rahaf a cikin bas. Sannu a hankali laccocinta, da hotunan ƙwayoyin cuta, da bidiyon bikin 'yar gwaggonsu duk suka tare a wajen Mujtaba, inda fili yake.

Ana nan sai Mujtaba ya samu aiki a wani shagon buga katin biki a kasuwar Omdurman. Manhajar da mai shagon ke zane da ita a Windows kawai take tashi. Ya dawo gida ya shiga lungun da ya yanka wa ƙanwarsa, ya sa manhajar da ƙyar. Kati na farko da ya zo ajiyewa, kwamfutar ta ce babu wuri.

Ya sami Tasnim a ƙarƙashin rumfa tana karatu.

"Tasnim, ina ganin rabon nan yana son gyara."

"Me ya same shi? Ni ban ga matsi ba. Jarrabawa ta matso, Yaya, kar ka taɓa min komai."

Ya juya wajen Inna, wadda ke tsince wake a faranti. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Halas, magana ta ƙare, kowa ya zauna a nasa," ta ce.

Haka ya yi ta fama, ya zana katin wannan amarya, ya goge na waccan kafin ya samu wurin ajiyewa. Sau ɗaya ma ya goge wanda ba a buga ba tukuna, ya sha faɗa wajen dangin ango.

Sai bayan jarrabawa Tasnim ta yarda. Ita ta zauna da kanta ta matsar da iyakar, ta ƙara masa abin da ta ga ya dace. Aikin ya ɗauki lokaci, kwamfutar ta yi zafi, Mujtaba ya durƙusa a gefe yana yi mata fifita da faifan Inna.