Nabila ta miƙa wa babanta hannu

Ta je wurinsa fa! Da kanta ta je, ba wanda ya ce mata je ki.

Nabila nake nufi, 'yata. Tun da aka haife ta, babanta Labaran a wurin gini yake kwana. Aikinsa haɗa bututun ruwa da na iskar sanyi a dogayen benayen cikin gari. Ga walda a kan tsani, ga jiran magina su gama kafin su sa hannu. Sai ya daɗe bai leƙo mu a Kubwa ba. In ya zo ya ɗauke ta, sai ta ƙwalla ƙara kamar ta ga baƙo. Ya ajiye ta a hankali, ya fita ƙofar gida ya zauna.

Ni kuwa ba ni da kowa a garin nan sai Felicity, maƙwabciyata, mai sayar wa ma'aikatan ginin abinci. Ita ke lallashina da Hausarta: "Maman Nabila, ka bari kuka. Yarinya zai san babansa."

To sai kamfanin su Labaran ya buɗe wurin aiki a Dei-Dei, nan kusa da mu. A can suke yanka bututun, su haɗa, su gwada ko yana yoyo, duk a ƙasa, a inuwa. Mota ta kwasa, a je a ɗaura kawai. Ya ce aikin ya fi sauri da tsafta, ba fargabar faɗowa daga sama. Ni dai abin da na sani, kafin magariba yana gida.

Da farko Nabila ba ta daina gudunsa ba. Sai yau. Ya shigo yana wanke hannu da buta, ta rarrafo ta kama ƙafar wandonsa, ta ɗaga hannu biyu. Ya ɗauke ta ya juya yana kallon bango, wai don kar in ga idonsa.

Na fita da gudu ko ɗankwali babu, na hau buga ƙofar Felicity. Sai na ga an rufe ta da kwaɗo. Wallahi na manta. Tun da aka mai da aikin Dei-Dei aka rage mutane a wurin ginin ta rasa masu cin abincinta, ta kwashe tukwanenta ta koma Abaji. Lambarta ma ba ta shiga.

Na tsaya a tsakar gida, labari cike da bakina, kowace ƙofa a rufe.

Don Allah in akwai mai bin hanyar Abaji, Felicity doguwa ce mai wushirya, shinkafa da wake take sayarwa. Ku ce mata in ji Maman Nabila, yarinya ta san babanta.